Farar Riga Ta Sha Tawada: Musayar Baiti Kan 'Yan Aji Shida

Malam Mai Alli, Gangare: Jiya na biyo ta Bauchi Road a nan Jos na tarar da yaranmu 'yan SS3 sun fito daga takardar ƙarshe ta NECO, kowa farar rigarsa ta sha rubutun maka, wato alƙalamin nan mai kaurin rubutu. Baiti ya zo mini. Mai amsa ya amsa.

Jiya na ga yara sun tare hanya,
Farar riga duk an bi an rubuta.
Wanda na yi shekara shida ina roƙo
Ya cika shafi guda, ya ƙi, ya kwanta,
Yau ga shi da maka a bayan aboki,
Hannu na gudu, layi bai karkata.
To 'yan aji shida, ku ba ni amsa,
Me kuka ƙulla kafin barin makaranta?

'Yar Rikkos: Allah gafarta Malam, ranar murna ce, a yi mana uzuri. Ga guzurina daga ɗakin gwaji:

Malam ka tambaya, ga abin da na ƙulla,
Na san buret, na san zubin ruwa.
Asid a sama, alkali a kwalba,
Ɗigo-ɗigo, ba a son gaggawa.
Ruwan ya yi rawaya, ido na kansa,
Launi na juyawa na daina zubawa.
Sau uku na maimaita awon nan,
Sanyin Jos na sa yatsu karkarwa.
Mai duba mu ya leƙo takardata,
Ya gyaɗa kai, ya wuce ba tankawa.

Maman 'Yar Rikkos: Malam, ni ma ina da ƙara.

'Yata ta haɗa biyu a bana,
Boko ta gama, Alƙur'ani ta sauke.
Amma rigar nan, ka faɗa mini,
Da wane sabulu zan wanke?
Na so ƙanwarta ta gaje ta,
Ga sunan ƙawaye har wuya a cike.

Ɗan Dilimi: Mama, a ajiye ta a ƙasan akwati, tarihi ce. Ita 'yar Rikkos da kwalabe, mu kuma da fili:

Ni ban ci kyautar lissafi ba,
Tawa kyautar da ƙafa na ɗauko.
Gudun mutum huɗu, mita ɗari-ɗari,
Gidan ja na baya tun da farko.
Ni ne na ƙarshe, na ji sandar
Ta faɗo tafina, na yi mata riƙo.
Ban ga kowa ba sai farin zare,
Na tsinke shi, ihu ya ɓarko.
Ahmed Musa ma ɗan garin nan ne,
Ƙwallo biyu a ragar Iceland ya sako.

A Rasha, 2018, ga wanda ya manta. Don haka kada a raina mai ƙafa.

Autan SS2: Yaya Ɗan Dilimi, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi.

Ka faɗi gudu, ka ɓoye saura,
Kai ne firfet ɗin aiki, ka tuna?
Latti na minti biyar na yi maka,
Ka miƙo mini lauje a tsakar rana.
Ciyawar bayan ɗakin gwaji
Ni na nome ta kamar gona.
Yau kun tafi, Allah raka taki,
Kujerar da ka bari ni zan zauna.

Ɗan Dilimi:

Ƙanena yafe, lauje gado ne,
Ni ma na sha shi a zamanina.

Kawu Mai Keke, Farin Gada: Ni ba mawaƙi ba ne, amma aljihuna yana da abin cewa.

Ku rage ihu kaɗan, 'ya'yana,
Sakamako bai fito ba, muna jira.
Daga Terminus zuwa Farin Gada
Na yi ta jigila ina tara.
Na biya WAEC, na biya NECO,
Kuɗin JAMB ya zo, na ƙara.
Kiredit biyar jami'a ke nema,
Da Turanci da Lissafi ake fara.
JAMB kuwa maki 400 ne cikonta,
Ba a yi wa kwamfuta dabara.
In ta yi kyau, ga Jami'ar Jos a Naraguta kusa,
A kekena zan kai yarona, na riga na gyara.

Malam Mai Alli, Gangare: Kawu ka yi gaskiya, Allah Ya mayar da alheri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar rabon kyaututtuka. An kira na ɗaya a kimiyya, an kira zakaran muhawara, 'yan wasan kwaikwayo ma sun hau sun karɓa. A ganina mun yi mantuwa, kuma ni ma ina cikin masu laifin, tunda da ni aka zauna aka tsara sunayen.

Na bi takardar sama da ƙasa,
Wani yaro sunansa bai shiga.
Shi ne mai ƙararrawarmu,
Tsohon ƙarfen taya, shi zai buga.
Bakwai da rabi, ko hazo ya rufe Dutsen Shere,
Ko ruwa na zuba, hannu zai ɗaga.
Da shi muke shiga, da shi muke tashi,
Ko shugaba sai ya ji shi zai leƙo taga.
Shekara guda bai makara ba,
Ba kofi, ba takarda, sai tsohuwar riga.

Mai Ƙararrawa, Unguwar Rogo: Malam, ina nan ina karantawa, kunya ce ta hana ni magana.

Baitinka ya fi mini kofin azurfa,
Na karanta wa Inna, ta yi guɗa.
Sai dai agogon da ka ba ni aro
Yana hannuna, ban so in faɗa.
Ina zan kawo maka, gida ko ofis?
Ko in ba Auta, tunda su suka gada?

Malam Mai Alli, Gangare:

Riƙe shi ɗana, na bar maka,
Tun ina sabon malami nake ɗaura shi.
Sai dai yana gaba da minti biyar,
Na daɗe ina cewa zan gyara shi.

Autan SS2: Minti nawa, Malam?!

Ashe ranar nan ban makara ba,
Agogo ne ya yi mini sharri!
Yaya Ɗan Dilimi, ciyawa ta sake tsiro,
Laujen na nan, ka zo gobe da wuri.