Balbela tana ƙonewa a hotona da yamma, ina gyaran yake?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu a sana'a. Ina ɗaukar balbela da farin zalɓe a bakin tafkin Jabi, daga biyar da rabi zuwa magariba. Gilashina 70-300mm ne, kyamara tana kan Av (ni nake zaɓar buɗewar gilashi, ita take zaɓar saurin ɗauka), buɗewa f/5.6, ISO (ƙarfin jin haske) 400. Ruwa da itatuwa suna fitowa tsaf, amma tsuntsun fari fat kamar an yanko takarda an manna, ko gashi ɗaya ba a gani. In na rage haske a kwamfuta sai ya koma toka-toka. Gilashin ne ko saitin?

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, gilashinka ba shi da laifi. Ma'aunin hasken kyamara bai san balbela ba. Abin da ya sani shi ne ya tattara duk abin da ke gabansa ya mai da shi tsaka-tsaki, launin toka. Da yamma ruwa da inuwar itatuwa su ne suka cinye hoton, tsuntsun bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Sai kyamara ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske don ruwan ya fito, farin ya wuce abin da sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, za ta iya riƙewa. Wurin da ya ƙone kuwa babu komai a cikinsa, shi ya sa kwamfuta take ba ka toka maimakon gashi.

Ka nemi maɓallin +/- na ƙara ko rage haske, ka sauke shi mataki guda zuwa -1. In bayan tsuntsun duhu ne sosai, kai shi -1 da 2/3, har -2. Sannan ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo. Ɗauki ɗaya, duba. In bayan tsuntsun ko ƙirjinsa na ƙiftawa, rage kashi ɗaya cikin uku na mataki, sake ɗauka, har ya daina. Ƙyallin rana a kan ruwa in ya ƙifta, ƙyale shi, ba shi ka zo ɗauka ba. Kuma ka koma RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Yakan ceto kusan mataki guda na farin da JPEG ya riga ya zubar.

'Yar Rayfield:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai akwai tarko biyu da ke jiran mai bin -1 ido rufe.

Na farko launi. Hasken la'asar sakaliya ja ne, don haka sashen ja ne ke fara cika tun kore da shuɗi ba su kai ba. A kyamarori da yawa gargaɗin ba zai ƙifta ba alhali ja ya riga ya ƙone, sai ka ga ƙirjin tsuntsun ya zama rawaya shafe, ba zane ba komai. Buɗe jadawalin haske mai launi uku, ka sa ido kan ja kada ya manne da bangon dama. Abin ya fi tsanani ga balbela lokacin da take ƙwai, da kanta da ƙirjinta da bayanta suka yi ruwan goro. Ka kuma cire WB, wato saitin daidaita launi, daga otomatik ka sa shi kan alamar rana, wajen 5200K. Otomatik yana ganin jan yamma kamar kuskure ne, sai ya wanke shi, alhali don shi ka fito.

Na biyu hunturu. In hazo ya sauka, ko a Jos ko a Abuja, sama da ruwa duk fari-fari suke zama. A nan lissafin juyewa yake yi: kyamara tana ganin haske ya yi yawa, ta rage, balbela ta fito kamar ta yi birgima a toka. Ranar +2/3 ko +1 kake bukata. Kuma kada ka canza gilashi a fili a irin wannan rana, ƙura na shiga sensa, ka tarar da ɗige-ɗige a sararin sama.

Ɗan Ushafa:
Ni a ganina Av ɗin ne ma ya kamata ya bari. Tsuntsu ya tashi daga gaban itace mai duhu ya ratsa sararin sama cikin daƙiƙa biyu, hasken da ke jikinsa bai canza ba, amma kyamara ta canza saiti sau uku. Koma M, Malam, inda kai ne kake saita komai da hannu. Auna a kan tsuntsu ɗaya da rana ta haska, kamar yadda Baba ya nuna, ka kulle. Fara da saurin ɗauka 1/2000 na daƙiƙa, f/6.3 ko f/7.1, ISO 800 ga mai tashi. Mai tsaye yana kiwo 1/1000 ta ishe shi. Abin da M ke bukata shi ne kada ka manta da ita. A Abuja rana tana faɗuwa wajen 6:15 a Disamba, kusan 6:50 a Yuli, kuma a yankinmu a miƙe take sauka, ba ta jan ƙafa. A rabin awan ƙarshe haske na raguwa da sauri, duk minti biyar ka sake dubawa ka ɗaga ISO.

Wurin tsayawa: rana a bayanka, inuwarka tana nuna tsuntsun. Ka tsuguna ko ka zauna daidai da ruwa, bayan hoton zai narke. Ka lura da iska ma, domin tsuntsu yana sauka yana tashi ne yana fuskantarta. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, rana kuma tana faɗuwa kudu maso yamma, ke nan in ka ba rana baya, jela kawai za su nuna maka. Sai ka gusa gefe ka ɗauke su ta haƙarƙari. Da damina iska daga kudu maso yamma take, suna sauka kusan suna kallonka.

Saitin gani kuma, wato fokas, a kan ido ko gindin baki za ka ɗora shi. Farin fiffike sumul yake, kyamara ba ta samun abin kamawa, sai ta yi ta kai da kawowa. In kuwa ka tarar da itacen da suke sheƙa, tsaya nesa; in suka watse, shaho da hankaka ne ke cin riba.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. To Yaya, in na kai ISO 1600 ba zai cika da tsaki-tsaki ba? Kyamarar tsohuwa ce.

Ɗan Ushafa:
Tsaki-tsakin a duhu yake taruwa, wato a ruwa da itatuwa, farin gashi ba ya nuna shi sosai, kuma ana goge shi a kwamfuta. Fiffiken da ya yi dishi-dishi saboda ka sauko 1/250 ba shi da magani. Je har 3200 in ta kama. In rana ta ɓace gaba ɗaya, juya ka fuskanci yamma, auna a kan jan sama, ka ɗauki garken da ke komawa makwanci baƙi-baƙi a kansa.