Neman kalmar Hausa: a cire kayan jirgi a sa wa ɗan'uwansa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta bayani ne a kan yadda ake kula da tsofaffin jiragen ƙasa masu aiki da lantarki a ƙananan rassan layin dogo, sai wata kalmar Turanci ta tsaya mini a wuya, wato cannibalisation. Asalin ma'anarta shi ne mutum ya ci naman mutum, amma abin da ma'aikatan jirgi suke nufi da ita shi ne a jingine jirgi ɗaya a gefe, a daina fitar da shi aiki, a riƙa ciro kayan jikinsa ana sa wa 'yan'uwansa domin su ci gaba da tafiya.

Misalin da nake aiki a kansa na tsibirin Wight ne da ke kudancin Ingila. Akwai wani ɗan layi a can mai tsawon mil 8 da rabi, daga Ryde zuwa Shanklin, wanda aka sa wa lantarki a 1967. Rufin ramin da layin yake bi a Ryde ƙasa-ƙasa yake, domin an ɗaga ƙasansa saboda ambaliya, don haka jiragen da aka saba gani a sauran ƙasar ba sa iya shigewa, sai ƙananan jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan. Jiragen ƙirar 1938 sun gama aikinsu a Landan a 1988, aka gyara wasunsu aka ƙetara da su tsibirin daga 1989, ba su kuma sauka daga aiki ba sai ranar 3 ga Janairu 2021, suna da shekara fiye da 80 a duniya. Babu masana'antar da ke ƙera kayan gyaransu, ga gishirin teku yana cin ƙarfensu duk lokacin da suka hau gadar Ryde da ta miƙa cikin ruwa. Ma'aikatan wurin gyara na Ryde sun riƙe su ne ta hanyar cire na wannan a sa wa wancan, har a watan Satumba na 2019 aka wayi gari jirgi ɗaya tak ke iya fita. Da wace kalma za mu kira wannan aiki? Na fara rubuta “garambawul”, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Tsohon makaniki:

Wa alaikumus salam. Malam, gara da zuciyarka ba ta kwanta ba, domin garambawul wani aiki ne daban. Kalmar ta shigo Hausa daga Turanci ta bakin masu gyaran inji, kafin 'yan jarida su ɗauke ta su kai ta majalisar ministoci. A wajenmu, idan aka ce an yi wa jirgi garambawul, to an ɗaga gangar jikinsa an janye ƙafafun daga ƙarƙashi, an kwance injinan lantarkin da ke juya su an wanke an sake naɗin wayar da ta ƙone, an fere ƙafafun da suka ci suka daina zama daidai a kan dogo, an duba birki da kwamfiresa, sannan an mayar da komai mazauninsa. Jirgin da ya shiga garambawul yana fitowa da ransa, har ma ya fi yadda ya shiga. Wanda kake magana a kai kuwa ya shiga ke nan, ba zai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Ni dai kalmar da ta zo bakina ita ce fiɗa. Idan ka taɓa tsayawa kusa da irin wannan jirgi za ka ga dalili. Yau a ciro masa burushin gawayi na cikin inji, gobe a kwance takalmin ƙarfen da ke goga dogo na uku yana ɗauko wuta, jibi a ɗauke bawul ɗin iskar da ke buɗe ƙofa, har gilashin taga da kujeru ba sa tsira. Bayan shekara biyu sai ka tarar da shi a ɗore a kan katako, wayoyi suna reto a ƙarƙashinsa, an rubuta da alli a jikinsa abin da aka cire da ranar da aka cire. Duk wanda ya ga haka ya san an feɗe shi.

Malamar harshe:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya raba mana garambawul da abin da ake nema, kuma ba na jin wani zai sake haɗa su. Sai dai ina da ja a kan fiɗa idan ita kaɗai za a ɗauka. Fiɗa tana nuna rabin aikin ne, wato cirewa, ba ta ce komai a kan inda kayan suka tafi ba. Jirgin da aka yanyanka aka sayar da ƙarfensa ga masu narkawa shi ma an feɗe shi, alhali ba wanda ya amfana da sassansa a cikin 'yan'uwansa. Abin da ya bambanta aikin da mai tambaya yake nufi shi ne sassan suna komawa jikin wani jirgi irinsa su ci gaba da aiki.

Hausa tana da kalmar wannan tuntuni, ita ce dashe. Manomi yana cire shuka daga wuri ya dasa ta a wani, likitoci kuma sun ari kalmar muka sami dashen ƙoda, wanda ba ya bukatar a yi wa kowa bayani a yau. Har sharaɗin ma ɗaya ne: ba a dasa wa mutum ƙoda sai jikinsa ya dace da na mai bayarwa, haka nan injin jirgin wata ƙira ba ya zama a jirgin wata ƙirar. Saboda haka nake ba da shawarar “dashen sassa”. Fassarar kai tsaye kuwa, irin su “cin naman ɗan'uwa”, ina roƙon a nisance ta, domin a kunnen Bahaushe wannan magana tana nufin gulma da yi da mutum a bayansa, ba wanda zai ji ta ya tuna da wurin gyaran jirgi.

Wani mai bibiya:

Malama, a gafarce ni in sa baki. Dashe ta yi mini daɗi, amma tana da taushi fiye da abin da take sifantawa. Wanda ya ba da ƙoda ɗaya yana tashi ya koma gida, jirgin da aka fara cire wa kaya kuwa da wuya ya sake ɗaukar fasinja. Kalmar Turancin tana ɗauke da wannan ɗaci da gangan, domin injiniyoyi ba sa alfahari da aikin, tilas ce take sa su. Kowane dashe yana rage yawan jiragen da suka rage, kuma kayan da aka dasa tsofaffi ne masu shekaru ɗaya da waɗanda suka lalace, ba a san ranar da su ma za su ba da kai ba. Faɗuwar wani tashin wani, amma tashin na ɗan lokaci ne.

A duba abin da ya faru a Japan da jiragen ƙirar 103, waɗanda aka ƙera taragu 3,447 nasu tsakanin 1963 da 1984. Muddin ana sauke ɗaruruwansu daga manyan layuka, kayan gyara ba su yanke ba, shi ya sa ɗaya daga cikinsu mai taragu shida ya ci gaba da zirga-zirga a reshen Wadamisaki na birnin Kobe, mai tsawon kilomita 2.7 kacal, har zuwa Maris na 2023. Ƙananan rassa suna rayuwa ne da abin da manyan layuka suka yar, ranar da rumbun ya ƙare kuwa sai a nemo wani tsohon da bai kai wannan tsufa ba. A tsibirin Wight ma haka aka yi: jirage biyar da suka karɓi aikin a Nuwamba na 2021 su ma tsofaffin jiragen Landan ne na ƙarshen shekarun 1970 da aka sabunta. Ina son kalmar da za mu zaɓa ta bar wa mai karatu wannan ɗacin.

Tsohon makaniki:

To ai ɗana, maganarka da ta Malama ba su saɓa ba. Abu biyu ne muke ta neman cusa su cikin kalma ɗaya, ga aikin, ga kuma jirgin da ake yi wa aikin. A bar wa Malama aikin, ni a bar mini jirgin.

Mai tambaya:

Baba ya warware mana. Zan kira aikin “dashen sassa”, jirgin da aka jingine ana ciro kayansa kuma “jirgin fiɗa”, ɗacin da ɗan'uwanmu yake nema yana nan a cikin suna na biyu. Garambawul za ta tsaya a inda Baba ya ajiye ta, duba na yau da kullum da shafa mai da sauya burushi in kira su “kulawa”, sannan in keɓe “adanawa” ga jirgin da ya bar aiki aka ajiye shi don tarihi, kamar jirgi mai lamba 007 daga cikin tsofaffin na Ryde, da aka kai wurin ajiyar jiragen tarihi na Havenstreet a tsibirin, ko jirgin ƙirar 1938 mai taragu huɗu da gidan tarihin sufuri na Landan yake riƙe da shi a Acton. Ga jimlar da na gwada, Malama ta duba mini ita: “Da jiragen fiɗa suka ƙare a Ryde, dashen sassa ya gagara, garambawul kuma ba ya yiwuwa ba tare da kaya ba.”

Malamar harshe:

Jimlar ta zauna, Malam. Abu ɗaya kawai zan gyara: a karon farko da kalmar za ta fito a cikin bayaninka, ka rubuta “dashen sassan jirgi” cikakke, domin mai karatu yana iya zaton asibiti ake magana idan ya ga “dashen sassa” ita kaɗai a kan layi. Daga nan sai ka gajarta.