Neman shawara: wane kan ƙafar kyamara zan saya wanda ba zai taɓa mini jari ba?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Don Allah a ba ni shawara. Atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa a Instagram, kuma ni nake ɗaukar hotunan kayana da Sony a6000 da yayana ya bar mini, da ƙaramin lensin da take zuwa da shi, 16-50. Ina da ƙafar kyamara ta alminiyam, sitan ɗin nan mai ƙafa uku. Ƙafafun lafiyarsu lau, kan ne ya gaji. Ko na ɗaure shi iya ƙarfina, ina sakin hannu sai kyamarar ta riƙa sunkuyawa a hankali, zanen da na saita a tsakiya ya haura sama.

An ce in nemi kai mai ƙwallo, wato wanda kyamara ke juyawa bisa wani ƙwallo a ɗaure shi inda ake so. Na leƙa Jumia da AliExpress, sai kaina ya ɗaure: wannan an rubuta yana ɗaukar kilo 8, wancan 15, wani har 20, alhali kyamarata da lensinta ba su cika rabin kilo ba. Abin da zan iya warewa bai wuce naira dubu 50 ba. Wanne zan ɗauka?

Mai gyaran kyamara, daga Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki fitar da ko sisi, duba ko kan naki yana cirewa. Yawancin sitan masu araha a haɗe suke zuwa, kai da jiki abu ɗaya, ba a raba su. Ki ɗaure duk maɗauran, ki riƙe sandar tsakiya, ki murɗa kan ta hagu. In ya ƙi, leƙa ƙarƙashin farantin da yake zaune a kai, wasu suna da ƙananan kusoshi da sai an sassauta da alanki ko sukurudireba. In ya fita, dubi kusar da ta tsaya a sama. Mai kauri ita ce 3/8 na inci, ita ce ake so. In siririya ce, 1/4, irin wadda ke shiga gindin kyamara, to akwai ɗan zobe mai zare da ake sa mata, kuma sau da yawa a cikin kwalin sabon kan ake samunsa.

Tsohon mai hoto, daga Jos:
Ƙanwata, kilon nan da kike gani ki ajiye shi gefe. Babu wata hukuma da ke auna musu, kowane kamfani shi ke rubuta abin da ya ga dama. Kuma ba nauyi ne kawai ke kayar da kai ba, karkata ce. Kyamara tana zaune daidai bisa ƙwallon, ko na roba zai riƙe ta. Ranar da kika sunkuyar da ita tana kallon zani a shimfiɗe, duk nauyin ya koma gefe guda yana jan ƙwallon, a nan ake gane na kirki.

Abin da nake dubawa girman ƙwallon ne, don shi ba ya ƙarya. Ƙwallo mai faɗi ya fi ba maɗauri wurin kamawa. Ga irin kyamararki, milimita 25 zai yi aiki, amma in kin samu 30 zuwa 36 ya fi kwanciyar hankali, musamman in wata rana kika sa mata lensi mai tsawo irin 55-210, wanda shi kaɗai ya kusa nauyin kyamarar. Milimita 40 zuwa sama na masu manyan kaya ne, asarar kuɗi ce gare ki. Wasu kamfanonin ma a sunan suke faɗa miki, kamar Leofoto: LH-25 da LH-30, lambar ita ce girman ƙwallon. Sai dai a yadda dala take yanzu, sabon Leofoto ko Sirui ko Manfrotto zai yi wa dubu 50 ɗinki nisa. Ki duba wajen Neewer da Ulanzi da K&F Concept, ki tabbatar jikinsa ƙarfe ne.

In a shago za ki saya, tafi da kyamararki. Ki ɗora, ki saita wani rubutu a bango a tsakiyar allo, ki ɗaure, ki saki hannu. In ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya, haka masu araha suke, za ki saba. In ya ci gaba da zamewa, mayar masa da kayansa.

'Yar uwa mai hoton biki, daga Zariya:
Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: ki nemi wanda aka rubuta Arca-Swiss a bakinsa, wato wani fasali na farantin da ke haɗa kyamara da kai. Ɗan farantin nan da ake ɗaura wa kyamara ɓata yake yi, ni a wajen kamu na rasa nawa. Na Arca kamfanoni da yawa suna yin irinsa, ko'ina kika samu galibi zai shiga. Wanda ke da nasa fasalin shi kaɗai kuwa, farantin ya ɓata, kan ya zama ado. Kuma ki zaɓi mai maɗauri biyu aƙalla, ɗaya na ƙwallon, ɗaya na juyawa dama da hagu.

Mai ɗaukar bidiyo, daga Maraɗi:
Ni ban yarda da ƙwallon ba gaba ɗaya. Mai sayar da kaya a Instagram yau bidiyo ne rabin kasuwarta. Kai mai ƙwallo da ka sassauta shi, ta ko'ina yake tafiya, ba ka isa ka bi leshi daga sama zuwa ƙasa ba tare da girgiza ba. Ta sayi mai hannu, irin wanda ke da mai a cikinsa yana tafiya sumul.

Tsohon mai hoto, daga Jos:
Gaskiyarka ɗana, in bidiyon motsi take yi. Amma hoto ta ce, kuma mai sayar da atamfa yawancin hotunanta na tsaye ne, ba na kwance ba. Ƙwallo yana da tsaga a gefe, ka kwantar da kyamara a ciki cikin daƙiƙa. Kan bidiyo mai araha yawanci bai san wannan ba.

Mai tambaya, daga Kano:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malam na Kaduna, na murɗa ya fita, kuma kusar mai kaurin ce. Bidiyona da waya nake yi, don haka ƙwallon zan bi. Saura tambaya ɗaya: in na shimfiɗa zani a ƙasa ina son kyamara ta kalle shi daga sama tsaf, sabon kan zai yi mini?

Mai gyaran kyamara, daga Kaduna:
Zai kalli ƙasa ta wannan tsagar, amma ƙafafun sitan za su shigo miki hoto, wannan kuma ba laifin kan ba ne. Duba ko sandar tsakiyarki tana zarewa a juya ta ƙasa, sai kyamara ta rataya tsakanin ƙafafu. In ba ta yi, jingina wani allo da bango a ɗan karkace, ki shimfiɗa zanin a kai, ki sunkuyar da kyamara daidai da shi. Ƙafa ɗaya ta kasance ƙarƙashin lensin kullum don kada sitan ya kife, kuma ki sa lokacin daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, hannunki ya bar jikinta.

Sannan Hajiya, kada ki sa wa ƙwallon mai ko giris, ko wani ya ce zai fi laushi. Santsi zai yi ya daina kamawa, ga ƙurar hunturu ta manne ta zama yashi a ciki. Busasshen ƙyalle ya isa, in kin gama aiki ki rufe shi da 'yar jaka.