Mutum shida a hannu ɗaya: ni ne ban iya ba, ko haka tsofaffin wasannin suke?

Mai_Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a wasannin ayari na kwamfuta.

Da Baldur's Gate 3 na shigo wannan fage, kuma sau biyu na gama shi. Abin da ya riƙe ni shi ne yaƙinsa na bi-da-bi: kowa ya jira layinsa, ni kuma in zauna in auna. In hau da maharbina kan tudu don kibiyarsa ta fi samun wuri, in sa Karlach ta hankaɗa maƙiyi cikin rami, in bar Shadowheart a baya saboda warkarwa. Mutum huɗu ne, kuma na san abin da ke hannun kowanne. In na ci yaƙi na san dalili, in aka ci ni na san inda na kauce.

Sai na ce bari in koma tushe, na ɗauko Baldur's Gate na farko, na 1998. Mako biyu ke nan ina fama a ramin haƙar ƙarfe na Nashkel da mutum shida. Da mun yi kiciɓis da kobold, ƙananan dodannin da ke cikin ramin, kowa sai ya ɓarke lokaci guda. Kafin in zaɓa wa matsafina abin da zai jefa, kibiya biyu sun kwantar da shi. Khalid, mayaƙin ayarina, ya bi wani can cikin lungu, ya janyo mana wasu. Ni kuma idona a kan mutum ɗaya, sauran biyar suna abin da suka ga dama.

Labarin yana jan hankalina, ba na son in ajiye shi. Amma a yaƙi ji nake kamar ɗan kallo. Yaya kuke riƙe mutum shida? Kuma tsakani da Allah, akwai abin da wannan salo ya fi bi-da-bi da shi?

Tsohon_Barde ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba rashin iyawa ba ne, idonka ne ya ruɗe ka. Kana ganin kowa yana motsi lokaci guda sai ka ɗauka wasan saurin hannu ne. A ƙarƙashinsa dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons ne, bugu na biyu, kuma zagaye-zagaye yake tafiya. Kowane zagaye daƙiƙa 6 ne. Matsafi sihiri ɗaya yake da ikon yi a zagaye, ko sau nawa ka danna maus. Layin da ka saba gani a saman allo a Baldur's Gate 3 yana nan, ɓoye shi aka yi.

Dogon maɓallin nan na ƙasan kibod shi ne linzaminka. Ka danna, komai ya tsaya cak, ka raba wa kowa aikinsa, ka saki. Ka kuma shiga saituna ka kunna tsayawa da kansa: in an hango maƙiyi, in jinin wani, wato ma'aunin lafiyarsa, ya yi ƙasa, in wanda ake duka ya faɗi. Har ƙarshen kowane zagaye ana iya sa shi ya tsaya, amma ni ba na so, yana daddatse yaƙin.

Matsafinka kuwa dole ya mutu in yana gaba. A matakin farko jininsa bai wuce 4 ba ko kaɗan sama da haka, kuma in aka taɓa shi yana tsakiyar karanta sihiri, sihirin ya lalace. Ja hotonsa zuwa ƙasan jeri don ya koma bayan sahu. Ka koya masa sihirin barci, shi ne maganin kobold. Ka ba duk wanda zai iya riƙe baka ko majajjawa nasa, su fara harbi tun daga nesa.

Abin da ya fi bi-da-bi da shi? Gare ni abu biyu ne. Ƙananan faɗa suna wucewa cikin daƙiƙu, ba za ka zauna kana jiran kowane ƙaramin maƙiyi ya yi takunsa ba. Na biyun ya fi min daɗi: kana ganin matsafin abokan gaba ya ɗaga hannu ya fara karatu, ka tsayar, ka juya masu baka uku kansa, ka katse shi kafin ya gama. Wannan tseren ba ya samuwa in kowa yana jiran layi.

Yar_Sarkin_Baka ta rubuta:

Malam Barde ya faɗi gaskiya, sai dai ni na gaji da dannawa da sakewa. Dragon Age: Origins na 2009 ne ya ba ni abin da nake nema. Mutum huɗu, kuma kafin yaƙi kake rubuta wa kowa dokokinsa: in jinin aboki ya sauka ƙasa da rabi, Wynne ta warkar da shi, in maƙiyi ya nufi matsafi, Alistair ya janye hankalinsa. Daga sama zuwa ƙasa suke bin dokokin, don haka wadda ka sa a farko ita ce mai iko. Na taɓa sa dokar kai hari a saman ta warkarwa, Wynne ta yi ta harbi ana kashe mu. Ranar da na gyara jerin, na sake hannu na ga ayarin ya ci yaƙi da tsarin da na shimfiɗa, daɗin da na ji ya fi na kowane dannawa. Pillars of Eternity II ma yana da irin wannan, har ya fi zurfi.

Dan_Hanya ya rubuta:

Ni fa ina da ja. In kai ne ke motsa ƙafar kowa, abokan tafiya ne ko 'yan dara? A Neverwinter Nights na 2002 mataimaki ɗaya ake ba ka, umarni kawai kake ba shi, ya biyo ka ko ya tsaya, sauran nasa ne. Wani lokaci ya ɓata maka shiri, amma ka san wani ne daban da kai. Hakan ya fi sa ni jin cewa ni mutum ɗaya ne cikin labarin.

Tsohon_Barde ya rubuta:

Dan_Hanya, halin abokin tafiya ba a yaƙi kaɗai yake fitowa ba. A wannan Baldur's Gate ɗin, ka sallami Jaheira ka gani ko Khalid zai zauna. Ka haɗa Edwin da Dynaheir a ayari ɗaya ka ga yadda za ta ƙare. In sunanka ya ɓaci a gari, mutanen kirki barin ka suke yi. Takobinsu yana hannunka, zuciyarsu ba ta hannunka.

Mai_Kwari, in ka gama wannan ka gwada Pathfinder: Wrath of the Righteous na 2021. Shida ne shi ma, kuma ko a tsakiyar faɗa kana iya sauya salo. Ni kai-tsaye nake share tarkacen aljanu, in na iso gaban babba sai in koma bi-da-bi.

Mai_Kwari ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Daren jiya na gwada. Na mai da matsafin ƙarshen jeri, na kunna tsayawa in an hango maƙiyi, na ba Imoen baka, Jaheira majajjawa. Taron kobold na farko da muka tarar, sihirin barci ɗaya ya zubar da mafi yawansu, babu wanda ya rasa ransa a ayarina. Na kai hawa na uku na ramin.

Na gane inda matsalata take. A Baldur's Gate 3 wasan ne yake tsayawa ya tambaye ni me za a yi. A nan ni ne zan san lokacin da ya kamata in tsayar, kuma wannan wata ƙwarewa ce da ban taɓa buƙata ba. Har yanzu zuciyata ta fi kwanciya da bi-da-bi, don ina son ganin sakamakon kowane taku shi kaɗai. Amma na katse wani mai sihiri yana tsakiyar karatu kamar yadda Malam Barde ya kwatanta, kuma na ji abin da yake nufi.

Saura abu ɗaya. A ƙananan hanyoyin ramin mutanena suna tokare juna, na baya ya juya ya nemi wata doguwar hanya shi kaɗai, ya taka tarko. Akwai jerin sahun da ya fi dacewa da wuri mai matsi, ko bibbiyu kuke shigar da su?