Ƙanena zai tafi karatu Turkiyya, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa shiga jami'a

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, bana zai tafi in sha Allahu. Baaba ya rasu tun muna ƙanana, Mma da sayar da koko da ƙosai ta raine mu. Ni a JHS, ƙaramar sakandare, na tsaya, shi ne ya kai har ya rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Murna muke yi, amma ba mu da wanda za mu tambaya. Don Allah wanda ya bi wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Nima a Jamus: Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya sa albarka. Ni ma ɗan fari ne a wannan harka, bayan Jami'ar Ghana ta Legon na zo digiri na biyu. Sanyi an saba da shi, karatu ma an iya. Abin da ya kusa karya ni waya ce daga gida. Ranar da ka sauka daga jirgi ka zama boga, wato mai kuɗin ƙasar waje, a idon unguwa. Wannan suna, wancan biki, wani kuɗin asibiti, kowa yana turo lambar MoMo ta karɓar kuɗi a waya. Su kuwa ba su san cewa a nan Jamus, a 2024, gwamnati ta ƙiyasta ɗalibi yana buƙatar yuro 992 a wata don ya rayu kawai ba, kuma haya da inshorar lafiya su ke cinye mafi yawa. In ka juya kuɗin zuwa sidi, kuɗin Ghana, sai ka ga kamar dukiya ce. Aiki ma da iyaka, kwana 140 cikakku a shekara doka ta yarda wa ɗalibin waje. Na riƙa ɗaukar kaya a sito da dare ina shiga aji da safe ido jawur, har na faɗi wata jarrabawa. Shawarata, tun kafin ya tashi ku zaunar da dangi, kawu da gwaggo duka, a faɗa musu karatu ya tafi, ba neman kuɗi ba. Ke za ki faɗa, don shi ba zai iya buɗe baki gaban manya ba.

'Yar Asawase a Konya: Yaya, ni a Turkiyyar nake, bari in fara da takardu. Yau ɗin nan ki ɗauko fasfo ɗinsa da takardar WAEC da ta haihuwa ki jera su a kan tabarma. Mu 'yan Zongo matsalarmu ke nan: a wata an rubuta Mohammed, a wata Muhammed, Abdullahi ya koma Abdulai tun ranar da malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Nawa harafi biyu ne suka bambanta, sai da na yi rantsuwar kotu a Kumasi kafin abu ya daidaita. A gida gyaran yana da sauƙi, daga nan kuwa wahala ce.

Tallafin yana biyan kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya da tikitin jirgi, da ɗan kuɗin kashewa duk wata. Shekarar farko ta koyon Turkanci ce zalla. Kada ya raina ta. Waɗanda suka yi wasa da ita su ne ke kuka a aji daga baya, malami yana zuba bayani suna kallon allo. Mu da muka taso da Hausa da Twi da Turanci da Larabcin makaranta, kunnenmu ya saba da sabon harshe, wannan ni'ima ce.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ana zuwa ofishin malami a ce ban gane ba. Yaran da iyayensu suka yi jami'a sun san haka tun daga gida, suna ƙwanƙwasa ƙofa ba tsoro. Ni ina ganin rashin kunya ne, sai in koma ɗaki in yi ta fama ni kaɗai. Ki gaya masa tambaya haƙƙinsa ce. Sallah da azumi ba matsala, ana kiran salla ko'ina, nama halal ne. Kallo dai zai sha a mota da kasuwa, wasu har hoto suke nema. Kuma Mma ta soya masa shito, miyar barkonon nan tamu, mai yawa, a ɗaure bakin kwalbar da leda, a naɗe da tsohon zane a sa cikin babban akwati tare da gari. Abincinsu ba yaji.

Direba a Sabon Zongo: Ɗan Nima, ka yi gaskiya amma ba ka faɗi duka ba. Ni ne na zauna don ƙanena ya tafi. Na bar makaranta na shiga tuƙin trotro, motar haya, kuɗin fasfo da na asibiti da rigar sanyi duk daga sitiyari suka fito. Ban taɓa tambayarsa ko pesewa ba. Abin da ya yi mana zafi shi ne ya daina ɗaga waya, don yana tsoron roƙo ne. Tsohuwarmu ba ta iya karatu ba, muryarsa kawai take so ta ji. Takan riƙe wayata ta ce in sake kunna mata tsohon saƙonsa. 'Yar uwa, ki sa shi ya yi alkawarin kiran Mma duk Juma'a, ko ba shi da abin faɗa.

Ɗan Nima a Jamus: Babban yaya, na karɓa. Allah ya saka maka da alheri, ya biya ka wahalarka.

'Yar Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba takardun yanzu, a fasfo Yussif ne sunan Baaba, a ta WAEC Yusuf. Gobe da safe za mu je a fara gyara. 'Yar Asawase, rigar sanyin a kasuwar Kejetia za mu saya ko ya bari sai ya isa can?