reduce ɗin nan ya hana ni barci, a taimaka

Ɗan_Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa kawuna 'yar manhaja da JavaScript, yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari kuma littafin bashinsa ya cika har ya koma rubutu a bayan kwalin madara. Duk bashin da aka ci ina sa shi cikin array, wato jerin bayanai, da sunan mutum da kuɗin. So nake in san jimillar duka, sannan in san nawa ake bin kowa. Na rubuta

bashi.reduce((jimla, b) => jimla + b.kudi)

na gwada da mutum uku, 2500 da 4000 da 1200, abin da ya fito min wai [object Object]40001200. Tun bayan isha'i nake kai har cajin laftof ya mutu kuma babu wuta.

Hadiza_Kongo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ba ka ba shi abin farawa ba ne. Ka ɗauki reduce kamar uwar adashi, tana bi gida gida da jaka, kowa ya zuba ta wuce gaba, a ƙarshe abin da ke jakar shi ne amsarka. To idan ba ka miƙa mata jakar ba sai ta ɗauki mutumin farko sukutum ta mai da shi jaka, shi ya sa 2500 ɗinka ya ɓace ka ga object a wurinsa. Sa 0 bayan waƙafi:

bashi.reduce((jimla, b) => jimla + b.kudi, 0)

Kuma ko ba don wannan ba ka riƙa sa shi, don ranar da array ɗin ya zo babu komai ciki saƙon kuskure na TypeError zai watso maka.

Ɗan_Samaru:
Na gode Anti, na sa, object ya tafi amma yanzu 0250040001200 nake gani. Kawu ya leƙo ya ce in dai wannan kuɗin ake binsa to ya rufe shago ya tafi Makka hhh

Hadiza_Kongo:
Daga fom kake ɗauko kuɗin ko? Duk abin da ya fito daga input rubutu ne ba lamba ba, alamar + kuma in ta ga rubutu liƙawa take yi ba ta tarawa. Sai ka ce Number(b.kudi). Na kowane mutum kuwa jakar ce za ta canza, maimakon 0 ka fara da {}:

bashi.reduce((asusu, b) => {
  asusu[b.suna] = (asusu[b.suna] || 0) + Number(b.kudi);
  return asusu;
}, {})

Ka kula da return ɗin nan sosai, in ka manta shi zagaye na biyu jakar undefined ce, wato babu ita, kamar uwar adashi ta karɓi zubin gidan farko ta bar jakar a zaure ta fita hannu rabbana. Ni kaina sai da ya ci min yini guda lokacin da nake koyo.

Injiniya_TudunWada:
Abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, amma ni fa ban cika son reduce a irin na biyun ba. Na tara lambobi layi ɗaya ne, ba laifi. Amma da zarar ka fara buɗe baka biyu kana cusa layi uku huɗu a ciki, for...of, wato bin array ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya fi sauƙin karantawa, bayan wata shida kai da ka rubuta ma sai ka tsaya kana tunanin me kake nufi. A yaren Python ma da aka fitar da Python 3 a 2008 cire reduce aka yi daga abubuwan da ke zuwa kai tsaye aka kai shi wani kunshi daban mai suna functools, Guido van Rossum wanda ya ƙirƙiro Python da kansa bai so shi, sum() kawai mutane ke kira. Ka koye shi dai don za ka yi ta cin karo da shi, a yaren Ruby sunansa inject, a Haskell foldl, duk kanwar ja ce.

Wani abu kuma malam, sunayen nan. In yau an rubuta "Mai shayi" gobe "mai shayi " da sarari a ƙarshe, mutum biyu zai ɗauke su, ka wanke da trim() mai cire sarari da toLowerCase() mai mayar da haruffa ƙanana kafin ka zuba.

Ɗan_Samaru:
Alhamdulillah ya yi, 7700 cif. Allah ya saka da alheri. Injiniya kamar kana shagon, mai shayi sau uku ya fito a lissafin gaske. Saura ɗaya, akwai Musa biyu, tela da mai faci, kawu ya ce lambar waya zan riƙa sawa maimakon suna amma telan ba shi da waya, ya zan yi da shi?