Shirin koyarwa na shekara biyu: yaya ake nema, kuma yaushe ake tattara kaya a ƙaura?

Bilkisu:

Assalamu alaikum, malamai. Ina ajin ƙarshe a jami'a, fannin kemistiri, kuma ina son neman shiga ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan da ke ɗaukar masu sabon digiri, a ba su horo, a tura su koyarwa na shekara biyu a makarantun da ke fama da ƙarancin malamai. Abu uku ne suka tsaya mini a rai. Me ake dubawa wajen ɗauka? Ina da ta cewa a kan garin da za a tura ni? Idan kuma garin na nesa ne, yaushe ya dace in kama gida? Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.

Malam Haruna:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Allah ya sa albarka a wannan niyya.

Ki fara da sanin irin shirin da kike nufi. Mafi yawansu tushensu ɗaya: Teach For America da Wendy Kopp ta kafa, wanda ya tura malamansa na farko a 1990, sai Teach First a Ingila a 2002, sannan a 2007 aka kafa Teach For All da ta haɗa irinsu a ƙasashe sama da 60, ciki har da Indiya da Najeriya. Kowanne cin gashin kansa yake yi, kuma galibi waɗanda ke da izinin aiki a ƙasarsa yake ɗauka. Na Amurka, misali, ba ya nema wa kowa biza. Saboda haka kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki karanta sharuɗɗan cancanta: izinin aiki, matakin digiri (na Amurka yana neman aƙalla maki 2.5 cikin 4.0), da ranar da dole shaidar kammala karatu ta kasance a hannunki.

Neman yakan bi matakai huɗu: cike fom a intanet tare da taƙaitaccen tarihin ayyuka da amsoshin tambayoyi, tantancewa, ranar intabiyu, sai takardar tayi. Ana buɗe ƙofa fiye da sau ɗaya a shekara. Ki nema a zagayen farko, domin guraben garuruwa da na darussa cika suke yi tun da wuri.

A fom ɗin, abin da ke ka da mutane shi ne yawan faɗin halinsu babu hujja. "Ina son yara, ina da haƙuri" kowa zai iya rubutawa. Masu tantancewa aiki suke nema wanda kika ɗauka kika kai ƙarshe, da adadinsa: ɗalibai nawa kika yi wa bita, na wata nawa, daga wane maki suka tashi zuwa wane. Za a kuma tambaye ki lokacin da abu ya lalace a hannunki. Ki faɗi na gaskiya, ki faɗi abin da kika gyara. Masu ba da shaida a kanki kuwa, ki sanar da su aƙalla mako uku kafin ranar rufewa, kuma ki zaɓi wanda ya ga aikinki da idonsa, ko da ba shi da babban muƙami.

Sai gwajin koyarwa da ake yi ranar intabiyu, nan ne gizo ke saƙa. A Teach For America minti biyar ake bayarwa, kuma idan lokaci ya cika za a tsayar da ke ko kina tsakiyar jimla. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko darasin awa guda a danne shi cikin minti biyar. Ki ɗauki manufa ɗaya tak, wadda za a iya auna ta. A fanninki, kada ki ce za ki koyar da "ƙwayar zarra". Ki ce: a ƙarshen darasin nan, ɗalibi zai iya fitar da adadin niyutiron idan an ba shi lambar nauyi da lambar zarra. Ki ware rabin minti ki faɗi manufar, minti ɗaya da rabi ki yi misali a allo (sodiyam: 23 a cire 11, saura 12), minti biyu ɗalibai su yi da kansu, ragowar minti ɗaya ki jefa tambayar da za ta nuna ko sun gane. Ki gwada da agogo har sai kina gamawa da saura daƙiƙa 20, domin wani zai yi tambaya ko ya ba da amsar da ba daidai ba, kuma yadda kika karɓi wannan amsar ma ana auna shi. Idan aka ce ki faɗi inda kika gaza a darasin, kada ki ce babu. Suna son wanda ke ganin kuskurensa kafin a nuna masa, tunda shekara biyu za a yi ana shiga ajinsa ana gyara masa.

Malama Rabi:

Ƙanwata Bilkisu, Malam Haruna ya gama da batun nema, bari in taɓa na ƙaura, wanda a ganina shi ya fi jefa mutane cikin wahala.

Ki riƙe wannan da kyau: takardar tayi daga shirin daban, takardar kama aiki daga makaranta daban. A Amurka da Ingila makarantar ko hukumar iliminta ce ke ɗaukar ki, ita ke biyan albashi. Shirin yakan fara sanar da ke yanki da darasi, sunan makarantar ya zo daga baya. A Amurka sai kin sake yin intabiyu da shugabannin makarantu, kuma akwai waɗanda ba sa samun makaranta sai ana dab da buɗe zango, saboda hukumomi ba sa sanin gurabensu sai sun ga adadin ɗaliban da suka yi rijista da malaman da suka ajiye aiki. "Yanki" kuma na iya zama faɗin da daga wannan gefe zuwa wancan tafiyar awa biyu ce.

To ki ga abin da ke faruwa: mutum ya ga sunan birni a takardarsa, ya yi murna, ya sa hannu a hayar shekara guda a tsakiyar gari, sai makarantar ta faɗo a can bayan gari. Malami dole ya iso kafin ɗalibai, ya tashi bayansu, ga duba littattafai da tsara darasin gobe da aikin kwas ɗin neman lasisin koyarwa da dare. Awa uku a hanya kullum, daga barcinsa za su fita. Kafin ƙarshen zangon farko jiki ya fara gazawa, kuma yaran ne ke fara gani.

Don haka kada ki sa hannu a doguwar haya sai kin riƙe sunan makaranta a rubuce. Kafin nan, ki kama masauki na wata ɗaya ko biyu. Ya fi tsada a wata, amma bai kai asarar karya yarjejeniya ba. Idan sunan ya fito, ki bi hanyar da ƙafarki a ranar aiki, a daidai lokacin da za ki riƙa fita da safe. Abin da taswirar waya ta nuna da tsakar rana ba shi ba ne. Ki duba ƙarfe nawa motar haya ta farko ke tashi da ƙarfe nawa ta ƙarshe ke dawowa, domin akwai ranakun taron iyaye da za ki kai dare. Ni dai shawarata, kada tafiyar ta wuce minti 45.

A yarjejeniyar haya, ki nemi a rubuta sharaɗin da zai ba ki damar tashi da sanarwar wata ɗaya ko biyu idan an sauya miki makaranta. Hakan na faruwa a makonnin farko idan ɗalibai ba su kai yadda aka yi hasashe ba. Ranar da kika karɓi makulli, ki ɗauki hoton kowane ɗaki da mitar wuta da ta ruwa, ki tura wa mai gidan, saboda kuɗin ajiyarki. Idan za ki haɗa gida da abokan shiri, abu ne mai kyau, yana rage kaɗaici ƙwarai, amma ki duba ko yarjejeniyar ta ɗora muku hayar a dunƙule. Idan haka ne, ranar da ɗaya ya janye daga shirin, kasonsa ya dawo wuyan sauran.

Sai kuɗi. Tsakanin gama jami'a da albashin farko akwai rami: makonnin horon sharar fage, waɗanda a wasu shirye-shiryen alawus kawai ake bayarwa ko masauki, sannan wata guda na aiki kafin a biya. Ofishin albashi kuma yana da ranar rufe jadawali. Idan lambar asusunki ko takardar haraji ba ta isa kafin ranar ba, sai wata mai zuwa. Ki tanadi kuɗin zaman wata uku: kuɗin ajiya, hayar farko, sufuri, kuɗin jarrabawa, kayan sawa na aiki. Hayar kada ta haura kashi ɗaya cikin uku na abin da zai shigo hannunki bayan an cire haraji da fansho, ba na adadin da ke kan takarda ba. Wasu shirye-shiryen na ba da tallafin ƙaura, wani kyauta wani rance, gwargwadon buƙata. Ki tambaya wanne ne wanne, kuma ki cike fom ɗinsa da wuri, don yana da ranar rufewarsa daban.

Kaya kuwa, akwati biyu sun isa a tafiyar farko. Asalin takardunki su kasance a jakar hannu.

Malam Ɗanjuma:

Malama Rabi ta yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara a kan tambaya ta biyu, fom ɗin zaɓin wuri, domin akwai shawarar da ake yawan bayarwa wadda ban yarda da ita ba. Ana cewa ki nuna ko'ina aka tura ki za ki je, wai don a ɗauke ki. Idan gaskiya ne, ki rubuta. Idan ba haka ba ne, kin ɗaure kanki da igiyar da kika saƙa, domin za su ɗauki maganarki yadda take, su cike da ke gurbin da ya fi wuyar cikewa. Duk garin da kika sa a jeri, ki ɗauka can za ki. Kafin ki sa shi, ki bincika albashin sabon malami a wurin, tsadar haya, ko ana iya zama babu mota, da nisan asibiti idan kina da lalurar da ke buƙatar ganin likita a kai a kai.

Uzuri mai ƙarfi, kamar rashin lafiya, aure, ko kula da mahaifi, a fom ɗin ake faɗa, tare da shaida. Bayan an raba wurare, sauyi na da wuya ƙwarai, saboda an riga an yi wa makarantu alƙawari. Darasi kuma ba son rai ba ne kaɗai: takardar sakamakonki mai jera kwasa-kwasai za su duba. Mai kemistiri kusan tabbas kimiyya za a ba ta, tunda nan ake da ƙaranci, amma ki shirya a haɗa miki da fiziks ko ilimin halittu a ƙananan ajujuwa.

Abin da ke ruguza tayi bayan an same shi, takardu ne. A jihohin Amurka da yawa sai kin ci jarrabawar Praxis ko irinta ta jihar kafin a ba ki izinin shiga aji. Sakamako na ɗaukar makonni, kuma idan aka faɗi akwai jira kafin a sake zama. Ki yi rijista a makon da kika karɓi tayi, don ki bar wa kanki damar zama na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka binciken tarihin laifi, wanda a Ingila ake kira DBS: duk wanda zai yi aiki da yara sai an yi masa, kuma idan kin taɓa zama a wata ƙasa za a iya neman shaidar 'yan sandan can, wadda ita ce ta fi jan lokaci. Ki tabbatar sunanki iri ɗaya ne a digiri da katin shaida da asusun banki. Harafi ɗaya ya bambanta, fayil ya tsaya.

Kafin ki amsa tayin, ki karanta sashen janyewa. Me za ki mayar idan kika bari a tsakiya: rancen ƙaura, kuɗin horo, kuɗin kwas? A wasu jihohin Amurka, irin su Tekzas, barin aiki ana tsakiyar shekarar karatu ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba na iya sa a dakatar da lasisin malami. Ban da wannan ma, ajin da malaminsa ya tafi a wata na uku yakan ƙare shekara a hannun masu riƙon ƙwarya, kuma waɗannan su ne yaran da tun farko aka ce ba su da malami. Gara ki ƙi tayin da kika san ba za ki iya riƙewa ba.

Bilkisu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: idan an faɗa mini makarantar, me zan tambayi shugabanta kafin in iso?

Malama Rabi:

Amin, ƙanwata. Ki aika saƙo gajere a cikin kwana biyu. Ki tambayi ajujuwan da za ki ɗauka da adadin darussa a mako, ki roƙi manhaja da tsarin aikin zangon farko, da dokar ladabtarwa ta makarantar, don hukuncinki ya zo ɗaya da na sauran malamai tun ranar farko. Ki tambayi sunan malamin da zai riƙa kula da ke, da ko an ware muku lokacin zama a jadawalin mako, domin idan ba a ware ba, zaman ba ya yiwuwa. Tunda kimiyya ce, ki tambaya ko akwai ɗakin gwaji da mai kula da shi, da kwana nawa ake ba shi kafin ya haɗa kayan gwaji. Ki kuma tambayi ranar da malamai ke dawowa, wadda takan riga ta ɗalibai da 'yan kwanaki, ki sa ranar isowarki mako biyu kafin ita. A ƙarshen saƙon ki nemi a haɗa ki da malami ɗaya da ya daɗe a wurin, ki tambaye shi unguwannin da abokan aikinsa ke zama da hanyar da suke bi da safe.